Faston da kuka kawo ya ba ɗana hujjar caca

Malam Edita, barka da aiki.

Ni dai ban ji daɗin shirinku na yammacin Lahadi ba, kuma ba zan ɓoye ba. A ce mutum ya sa farar kwala, a tambaye shi ko caca zunubi ce, ya tsaya yana cewa wai babu ayar da ta kira caca da sunanta. To, wiwi fa, akwai ayar da ta kira sunanta? Haba, Fasto!

Abin da ya fi ƙona mini rai, muna tsakar gida da ɗana na biyu a lokacin, ina ɓarar gyaɗa, rediyo na kan turmi. Yana jin maganar ya ɗago kai daga waya ya ce, "Mama, kin ji ko?" Wata bakwai ina fama da yaron nan, dattawan ikkilisiya sun zaunar da shi har sau biyu, baƙonku ya rushe mana komai cikin minti ɗaya.

Duk wanda ke nan Kwoi ya san abin da cutar citta ta yi mana a 2023, yadda gonaki suka ruɓe muna kallo. Iri na buhu uku na tsira da shi, na ajiye a inuwa bayan ɗaki na lulluɓe da ciyawa. Ranar da na je buɗewa zan yi shuka, kashi biyu cikin uku babu. Da na tsare shi, sai ya zaro mini dogayen takardun cacar ƙwallo kamar rasit daga aljihu yana nuna mini da yatsa: wasa goma sha biyu ya zaɓa, goma sha ɗaya sun shiga, ɗaya ne kawai ya yanke masa tikiti, wata ƙungiya can Italiya da ko sunanta ban iya faɗa ba. "Saura kaɗan fa, Mama." Saura kaɗan ɗin nan ita ta cinye kuɗin makarantar ƙanwarsa, ta cinye wayar babansa. Yanzu ko shagon caca ba ya zuwa, a ɗaki yake bugawa ta waya, da naira ɗari biyu, da tsakar dare.

Faston ya fake da kuri'ar da manzanni suka jefa aka zaɓi Matiyas a madadin Yahuza, a Ayyukan Manzanni 1:26. Ina tambaya, nawa Bitrus ya zuba? Wa ya koma gida aljihu wayam? Addu'a suka yi suna neman nufin Allah, ba wanda ya ci kuɗin wani. In kuri'a yake nema mai kama da ta 'ya'yanmu, ya buɗe Yohanna 19:24, inda sojoji suka zauna gindin gicciye suna kuri'a a kan rigar Yesu, mai rigar yana rataye a samansu. Me ya hana shi karanta wannan? Me ya hana shi karanta 1 Timoti 6:10 a kan son kuɗi, ko Karin Magana 13:11, inda aka ce dukiyar da aka samu a garaje ba ta daɗewa? Mu a Zumuntar Mata mun san waɗannan ayoyi ba tare da mun shiga makarantar tauhidi ba.

Maƙwabciyata 'yar Katolika ce, su da ake cewa suna da sassauci a wannan magana. Ta nuna mini katikisim ɗinsu, littafin koyarwar cocinsu, lamba 2413: ko su sun ce da zarar wasan ya hana mutum abin biyan bukatarsa da ta waɗanda ke hannunsa, ya zama laifi, kuma yana iya mai da mutum bawa. Ko wannan kaɗai baƙonku ya faɗa da na yi shiru. A Kano Hisbah ta bi shagunan caca ta rufe a 2024, mu kuma namu malamin yana rediyo yana cewa "ya danganta". Ya danganta da me? Ya zo ya ga inda cittata take.

Ku sake kawo shirin, ku gayyato uwa ko matar ɗan caca ta zauna kusa da shi.

Sannan wannan lambar da kuke bayarwa a kira, wa ke ɗagawa ne? Sau tara na buga ranar, sai ƙara take yi har shirin ya ƙare. Kuma don Allah ku daina yanke waƙar rufewa a tsakiyar baiti don ku sa tallar maganin basir. Tsofaffi suna bin waƙar nan a gida.

Taku mai sauraro,
wata uwa daga Kwoi, Jihar Kaduna