Godiya ga sashen kula da masu sankarar mama

Zuwa ga likitoci, nas-nas da sauran ma'aikatan sashen,

Muna so jama'a su san yadda kuka riƙe matan da ke jinya a hannunku tun daga watan Maris na 2020, lokacin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana korona a matsayin annoba.

Da kun so, da kun ɗage komai sai an ga abin da hali ya yi. Amma sankara ba ta san kulle ba: binciken da mujallar likitanci ta BMJ ta buga a shekarar ya nuna jinkirta tiyata da mako huɗu na ƙara haɗarin mutuwa da kusan kashi 8 cikin ɗari. Sai kuka tantance. Masu ƙari mai saurin yaɗuwa, kamar nau'in HER2, kuka sa su gaba. Wadda sinadarin jiki na estrojin ke ciyar da ƙarinta kuka ɗora ta kan maganin tamoxifen, miligram 20 kullum, ko letrozole idan ta daina haila, ya riƙe ƙarin kafin ɗakin tiyata ya samu. Gashin ƙari da hasken na'ura kuwa, ga waɗanda ya dace da su, ya koma sau 5 cikin mako ɗaya maimakon 15 cikin mako uku.

Kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin sankara da ake sawa ta ƙarin ruwa, shi ne ya fi tayar da hankali. Daga kwana na 7 zuwa na 14 bayan ƙarin ruwa fararen ƙwayoyin jini kan yi ƙasa, zazzaɓin digiri 38 kuma na iya zama ƙwayar cuta ce ta shiga jini. Mace sai ta ɓoye zazzaɓin don tsoron a ce korona ce a killace ta. Kun yi ta nanatawa: a auna zafin jiki kafin a sha farasitamol, domin yana rufe alamar, sannan a kira lambar sashen ko da tsakar dare ne.

An hana 'yan rakiya shiga, mace na karɓar sakamakon gwaji ita kaɗai, fuskar likita a rufe da takunkumi. A irin wannan hali ba ta riƙe rabin abin da aka faɗa. Nas ɗinku kan buɗe muryar waya ta ajiye kan tebur, miji ko 'ya su ji da kunnensu. Bayan kwana biyu a sake kira, a tambayi barci da cin abinci da yawan kuka. Wadda damuwarta ta wuce mako biyu a haɗa ta da likitan ƙwaƙwalwa.

Waya dai ba ta taɓa nono, kun kuma san haka. Duk wadda ta ji sabon ƙullutu ko hannunta ya kumbura, cewa kuke ta taho a duba.

Allah ya saka muku da alheri.

Daga iyalai da masu jinyar matan