Kira Ga Masu Koyon Japananci A Sakkwato

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili domin jan hankalin matasanmu na Sakkwato da ke koyon Japananci ta intanet da burin samun tallafin karatu na gwamnatin Japan. Wajen bayyana dalili, da yawansu suna haddace "kara" da "node", kalmomin da ke nufin "saboda", su tsaya nan, alhali jarrabawar ƙwarewa a Japananci ta JLPT, mai matakai 5 daga N5 mafi sauƙi zuwa N1 mafi wuya, tana neman fiye da haka daga matakin N3.

Idan sakamakon ya munana, Bajapane yakan ce "sei de", kamar "ame no sei de shiai ga chuushi ni natta", wato ruwan sama ne ya jawo aka soke wasa. Idan alheri ne, sai ya ce "okage de", tamkar yadda muke cewa albarkacin wane. Ɗalibin da ya musanya su a gaban malaminsa ya ɗora masa laifi a inda ya yi nufin godiya, kuma wannan ba ƙaramin abin kunya ba ne.

"Bakari ni" kuwa nadama ce tsantsa, inda dalili guda ya jawo asara. Ina roƙon masu koyarwa su riƙa bambanta waɗannan da misalai tun kafin jarrabawar Disamba.

Naku,
Mai karatu daga Mabera, Sakkwato