Kafin a kira yaro daƙiƙi, a fara duba idonsa

Malam Edita, assalamu alaikum. Don Allah a ba ni ɗan fili in yi magana da iyaye da malamai 'yan uwana, musamman mu na karkara, kan wani abu da muke dukan yara a kansa alhali ba laifinsu ba ne.

Ni malamin firamare ne a wani ƙauye cikin ƙaramar hukumar Ringim, kuma kusan duk ajin da na riƙe sai na tarar da yaron da an riga an yanke masa hukunci, wai ba ya ja. In ka tambaye shi da baki ya ba ka amsa tsaf, hadda kuwa a islamiyya ba a shan gabansa, amma ka miƙa masa littafi ya yi layi biyu sai ya fara murza ido, ya tsallake layi, ya maimaita wanda ya wuce, can sai hamma, sai tsokanar na kusa da shi, daga nan kuma sai bulala. Mu abin da muka sani game da ido shi ne ko yana gani ko ba ya gani, shi ke nan. To karatu fa aiki ne da idanu biyu suke yi tare. Dole su karkato ciki su haɗu a kan kalma ɗaya, su bi layi daga hagu zuwa dama a boko, daga dama zuwa hagu a allo, kuma duk sanda yaro ya ɗaga kai ya kalli rubutun malam ya dawo kan littafinsa sai idon ya sake saiti. In haɗuwar nan ta yi rauni sai rubutu ya riƙa rabuwa biyu ko ya dusashe, goshi ya ɗau ciwo, wani har rufe ido ɗaya yake da hannu, mu kuma mu ce iskanci ne. Shi yaron ba zai faɗa ba, don a zatonsa haka kowa yake gani.

Abin da ya fi damuna shi ne irin wannan yaron zai iya cin gwajin da ake yi in an zo duba ido kyauta, wanda ake manna takarda mai harafin E a bango a tsayar da mutum a nisan mita 6. Hangen nesa kawai wannan yake aunawa, ido ɗaya bayan ɗaya. Ya karanto har layin ƙasa a rubuta masa 6/6, a ce lafiyarsa ƙalau, a koma gida a ci gaba da zaginsa.

A filin ƙwallo ma haka. Wanda idonsa ɗaya ya yi rauni ba ya kintatar nisan abu daidai, ƙwallo ta taho ta sama ya tashi zai sa kai ta wuce shi, a maida shi gola ya miƙa hannu bayan ta shige, abokai su yi ta masa dariya har ya daina zuwa fili gaba ɗaya.

Sai maganar harara-garke, wadda iyaye ke cewa a bar shi zai daidaita in ya girma. Ba haka ba ne wallahi. Ƙwaƙwalwa watsi take yi da idon da ya karkace har ya rage gani, kuma gyaran ya fi tasiri kafin shekara 7 ko 8, da gilashi da rufe lafiyayyen idon na wasu awoyi kullum don a tilasta ɗayan ya yi aiki. Amma ka ce da maigida a sai wa 'yarsa gilashi ka ji amsa, wai yana ƙara kashe ido, ko iyayi ne, ko wa zai aure ta. Gilashin da likita ya auna ba ya kashe ido, na kan tebur a kasuwa ne bai kamata a ɗora wa yaro ba.

Ba ina cewa duk wanda ya kasa karatu ido ne matsalarsa ba, akwai yunwa, akwai aji mai cunkoso, akwai rashin malamai, kowa ya sani. Amma shi ido ai ana iya aunawa a gane.

Roƙona ga hukumar SUBEB mai kula da makarantun firamare, ta Jigawa da ta Kano, a koya wa ko malami ɗaya a kowace makaranta gwajin farko, na nesa da na kusa, a ba shi takardar tura yaro asibiti a Dutse ko asibitin Malam Aminu Kano ko asibitin ido na ECWA da ke Kano. Jami'ar Bayero tana da ɗalibai masu karatun auna ido, me zai hana a riƙa turo su ƙauyuka?

Kafin nan malam zai iya gwadawa da fensir. Ka riƙe shi a gaban yaro ka riƙa matso da shi wajen hancinsa a hankali yana kallon bakin fensirin, in ya ce ya zama biyu ko ka ga ido ɗaya ya zame waje tun da saura fiye da faɗin tafin hannu, to a kira mahaifinsa a yi maganar asibiti.

Na gode.

Wani malamin firamare,
Ringim, jihar Jigawa