Wasiƙa zuwa Fatakwal kan karatun jinyar ɗiyarmu

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, da uwargida da yara, da kuma harkar kasuwa. Mu nan Zariya sai godiya, illa sanyin da ya fara kankama, wanda ku mutanen bakin teku kun manta da shi.

Saƙonka ya iso, kuma amsata a taƙaice ita ce: kada ka kai yarinyar nan wannan ƙaramin asibitin kuɗi na unguwarku da sunan ta shekara tana koyon aiki kafin ta nemi makarantar jinya. Ko ranar farko kada ta je.

Na san inda maganar ta samo asali. Ta kalli bidiyon 'yan Amurka a waya suna cewa sai da suka yi aikin taimaka wa nas ko aikin sa-kai a gidan kula da tsofaffi kafin a ɗauke su. Can wasu makarantun suna ba wannan maki, gaskiya ne. Mu a Najeriya babu mai tambayarsa. Abin da ake nema kiredit biyar ne: Turanci, Lissafi, Bayoloji, Kemistiri da Fiziks, a WAEC ko NECO, cikin zaman da bai wuce biyu ba. Ka ce Fiziks ɗinta D7 ne. To nan matsalar take, ba a rashin taɓa riƙe sirinji ba. Kuɗin da za ka ba mai asibitin, ka biya mata malamin Fiziks ta sake zama.

Bari in gaya maka abin da ya sa na kafe. Waɗanda ake kira okzilari nas, masu koyon aikin jinya a irin wannan asibitin ba tare da makaranta ba, Hukumar Kula da Ma'aikatan Jinya da Ungozoma ta Ƙasa, wato NMCN, ba ta san da zamansu ba. Ko shekara goma mutum ya yi yana yin allura a irin waɗannan wurare, takardar da mai asibiti zai buga masa ba ta kai shi ko'ina, kuma ranar da aka samu kuskure shi za a fara miƙawa. Sannan ga abin da nake gani da idona a wurin ɗaliban jinyar da muke koyarwa. Wadda ta zo ba ta san komai ba ta fi daɗin koyarwa. Wadda ta yi zaman kemis ko irin wannan asibitin kuwa hannunta ya riga ya saba da gajeriyar hanya: ta mayar wa allura murfi da hannu biyu bayan ta yi amfani da ita, ta taɓa wannan mara lafiya ta wuce wancan ba ta wanke hannu ba, ta ba da magani ba ta duba suna a kati ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, su kuma sun zo mana a bushe.

Hanyoyin shiga ba su da wuyar ganewa. Akwai digiri na shekara 5 a jami'a, irin su ABU, BUK da Usmanu Ɗanfodiyo, sai shekarar sanin makamar aiki da bautar ƙasa. Gasar nan zazzafa ce, sai makin JAMB ya yi kyau sosai. Akwai kuma kwalejojin jinya na jihohi da na asibitocin koyarwa. Da can shekara 3 ake yi, amma a 'yan shekarun nan ana ta mayar da su tsarin ND da HND na shekara 4, su ma ta JAMB ake bi. Duk inda za ku saya mata fom, ka fara duba sunan makarantar a jerin da NMCN ta amince da su. Makarantu masu zaman kansu sun yi yawa yanzu, fenti da kwandishan ba sa ba da lasisi. Duk wanda kuma ya ce ka ba shi wani abu ya samo mata gurbi, ka riƙe aljihunka.

Shiga ma ba shi ne ƙarshen tantancewa ba. Watannin farko, da muke kira PTS, nan ake tankaɗe. Ilimin sassan jiki da yadda suke aiki ake ɗura wa ɗalibi ba ji ba gani, ana kuma koyon aiki a jikin mutum-mutumin roba kafin a taɓa ɗan Adam. Wanda ya faɗi jarrabawar ƙarshenta yana iya haɗa kayansa. In tana son abin yi kafin lokacin, ta koma littafin Bayolojinta ta haddace zuciya, ƙoda da ƙasusuwa, ta kuma saba da lissafin kaso da na goma, don awon magani da ɗigon ƙarin ruwa duk lissafi ne.

Amma akwai gaskiya ɗaya a cikin tunaninka, ban ƙi ta ba. Ya kamata ta san abin da take nema, don da yawa farin yunifom suke hange. Aikin shi ne canza zanin gado alhali mara lafiya yana kwance a kai, a juya shi gefe, a naɗe tsohon, a shimfiɗa sabon, a sake juyo shi. Shi ne miƙa fo da ɗauke shi ba tare da an yatsine fuska ba, da juya tsohon da ya shanye kowane awa biyu don kada gyambon kwanciya ya kama shi, da wankin ƙafar mai ciwon suga da ƙarfe uku na dare. Na ga ƙato ya zube a ranarsa ta farko a ɗakin wankin ciwo, daga baya kuma ya zama gwani.

Wannan ba sai an ɗauke ta aiki za ta gwada kanta ba. Ka tuna ita ce ta yi jinyar Inna lokacin da ta karye a ƙugu, tana ba ta abinci a baki, tana goge ta, har da kwanan asibiti. A wurina wannan ya fi zaman kemis daraja. In an tambaye ta a intabiyu me ya sa take son aikin jinya, ta ba da labarin nan yadda yake, ta bar haddar “ina son taimakon al'umma” da kowa ke rerawa. Ta kuma yarda tun yanzu cewa akwai aikin dare, akwai Sallah a bakin aiki, albashin ma ba na a zo a gani ba ne.

Ka ɗauki hoton sakamakonta ka turo mini ta WhatsApp in duba da kaina, ka kuma ba ta lambata mu yi magana, don na san ba komai za ta faɗa a gabanka ba. In Zariya ta zaɓa, ɗaki yana nan, Maman yara ma har ta fara murna.

A gaida uwargida da kyau, da duk 'yan gida da ke wajenku.

Wassalam,
Naka amini