Godiya ga garajin bakin hanyar Agadas, Tawa

Assalamu alaikum.

Baba mai garaji, ranar da na zo ɗaukar motata na ce maka sai na rubuta abin da kuka yi mini mutane su karanta. Ka girgiza kai, ka ce in bar wa Allah, kuma kada in kuskura in sa sunanka. Sunan na bari kamar yadda ka so. Rubutun ne na kasa bari, don wata 5 na yi ina ɗauke da damuwar motar nan, kuma a wurinku na sauke ta.

Ni malamin koleji ne a nan Tawa. Shekara 6 na yi ina tari kafin in sayi Corolla ƙirar 2005, mai buwat otomatik, wato akwatin giya mai sauya kansa, a Yamai. Tun da iyakar Benin ta rufe a 2023 motar da ta sauka daga Kwatano ta fi ƙarfin irinmu, sai na sayi wadda ta riga ta sha hanya a hannun wani a cikin ƙasa. Ta kawo ni gida lafiya, ta Doso da Dogon Dutsi da Konni, ba ko tari. Da zafi ya shigo a watan Afrilu sai ta fara nuna hali. In na ɗauke giya daga P na tsayawa na sa D na tafiya, sai ta yi jim kamar ba ta ji ba, can kuma ta zabura da bugu har mutum ya ji a bayansa. In ta yi zafi a kan gudron, inji ya yi ta kuka, allurar juyin inji na hawa, mota kuwa ba ta ƙara gudu. Ga jar fitilar mai, mai kama da ƴar buta, tana ƙyaftawa duk lokacin da na tsaya inji na aiki. Man inji kuma kullum na duba ya ragu.

Garaji 3 na zaga kafin in zo gare ku. Na farko bai ko buɗe gaban mota ba. Ya zauna a kujerar direba, ya motsa giya sau biyu, ya ce buwat ta mutu, in kawo jika 400 a aiko da wata daga Yamai. Na ce me ya kashe ta? Ya ce haka otomatik take, ba ta son ƙasarmu. Na biyu ya ce mai ne ya yi kaɗan, ya ɗauko wani jan mai a galan marar takarda ya ɗura, inji a kashe, bai auna ba. Kwana 2 ta yi sauƙi, a na uku ta fi da lalacewa. Na ukun shi ya fi ba ni tsoro in na tuna yanzu. Da na nuna masa fitilar mai, ya ce waya ce ke wasa, in ina so ya cire ta in huta da ganin ja. Ya kuma zuba mini mai mai kauri irin na manyan motoci, ya ce zafin Adar ba ya son mai ruwa-ruwa. Fitilar ta yi shiru mako guda, na ɗauka an gama.

A Badagishiri ta tsayar da mu, ni da mahaifiyata, muna komowa daga ganin likita. Rana tsaka, tsohuwa ba lafiya, fitila ta kama ta ƙi mutuwa. Na kashe inji, muka zauna ƙarƙashin wata itaciya har la'asar kafin in samu mai janmu. Ranar na yanke shawarar sayar da motar ko nawa aka taya. Direban da ya ja mu ne ya ce in dakata, in kai ta wajenku tukuna.

Wanda ya tarbe ni babban yaronka ne, dogon nan mai tabo a hannun hagu. Shi nake so in fi daɗewa a kansa. Ya ce, "Mushe, zauna ka ba ni labarinta tun daga farko." Ya sa aka kawo mini benci da shayi, ya saurare ni har na ƙare, yana tambaya: da safe take yi ko in ta yi zafi? Bugun a giya ta nawa? Wane mai aka zuba, wa ya zuba? A duk yawon da na yi ba wanda ya taɓa yi mini tambaya ko ɗaya.

Bai taɓa sufana ba sai da ya auna. Ya duba man inji, ya ga akwai, ya tayar da mota ta ɗumama a fili mai daidai, ya bi da giya ɗaya bayan ɗaya daga P har L, ya mayar P, sannan ya zaro sandar awon man buwat inji na aiki. Ya nuna mini alamomi biyu a jikinta, na sanyi da na zafi. Man ya wuce alamar zafi nesa, ga kumfa a jikinsa. Ya ce in mai ya yi yawa ƙarafan ciki suna kaɗa shi ya yi kumfa, kumfa kuwa iska ce, ba ta iya matse fayafayan da ke riƙe giya, shi ya sa inji ke kuka mota ba ta ja. Ya ɗiga shi a farar takarda kusa da ɗigon sabo. Sabon ja ne garau, nawa ya koma kalar shayin da ya daɗe a wuta, yana ɗan ƙauri. Sai ya juya sandar ya ce in karanta da kaina. T-IV ne a rubuce. Irin man da buwat ɗin ke sha ke nan, a rubuce a jikin motar tun daga masana'anta, kuma wata 5 ba wanda ya duba. Ya leƙa ruwan radiyata ma, don man buwat yana ratsa ta cikinta ya huce, in bututun ya fashe ruwa da mai su haɗu su koma kamar madara. Alhamdu lillahi wannan bai faru ba.

Ya jona na'urar bincike a ramin da ke ƙarƙashin sitiyari, ya rubuta abin da ta nuna, sannan aka sauke farantin ƙasan buwat. Ya kira ni in ga maganaɗisun da ke manne a ciki. Baƙar laka ce mai laushi a jikinsu, babu ɓarɓashin ƙarfe. Ya ce wannan tsufa ne, ba karyewa ba.

Kan fitilar mai kuwa, kai da kanka ka taso, Baba. Ban manta yadda fuskarka ta canza ba da na ce an so cire wayar. Ka ce fitilar nan ba yawan mai take faɗa ba, ƙarfin turinsa take faɗa, kuma inji na iya cike da mai ya ƙone in man ba ya isa sama. Ka cire ƴar na'urar fitilar ka ɗaura agogon awo a gurbinta, muka ga allura ta faɗi da inji ya yi zafi. Da aka sauke kaskon mai, ragar da famfo ke tsotso ta cikinta ta toshe da baƙin dasƙararren mai kamar kwalta, alamar mai motar na da ya daɗe yana wuce lokacin bidanji, wato sauya man inji. Man mai kauri da aka zuba mini ɓoye ciwon ya yi. Ka nuna mini murfin mai, 5W-30 a rubuce, lambar kaurin man da ya dace da shi, ka ce wannan inji yana da VVT-i, tsarin da ke daidaita lokacin buɗewar bawul, da turin mai yake aiki ta ƴan siraran hanyoyi, mai kauri kuma yana jinkirin isa gare su, musamman tashin safe lokacin hunturu. Raguwar man kuma daga robar murfin saman inji ce da ta bushe, da wani ɗan bawul na numfashin inji da ya maƙale.

Sauran aiki ne na yau da kullum: wanki, sabuwar roba, sababbin matatai, mai na gaskiya da aka buɗe hatiminsa a gabana. Jika 74 duka, har da kuɗin hannu. Aka ba ni tsofaffin kayan a leda da galan ɗin da aka juye.

Abin da ya fi kwanta mini a rai shi ne ba ku ce mini ta koma sabuwa ba. Ka ce fayafayan ciki sun ɗan ci wuya saboda zamewar da suka yi, za ta iya yin shekaru in an lallaɓa ta, amma ba ka yi mini alkawarin abin da ba ka gani ba. Ka ƙi a tura mai da ƙarfin inji a wanke buwat ɗin gaba ɗaya, ka ce a tsohuwar buwat hakan na iya tayar da datti ya toshe hanyoyi. Wajen lita 3 kawai ke fita in an kwance, ragowar na cikin kaskon da ke haɗa inji da buwat, don haka a riƙa sauyawa kaɗan-kaɗan.

Ina tunanin mutanenmu nawa ne aka sa suka sayi buwat alhali tasu lafiya lau take. Motocin otomatik sun cika gari, mata ma'aikata da dattawa duk su suke nema, amma yawancin masu gyara har yanzu da ilimin mai giyar hannu suke taɓa su. Yaro ya yi shekara biyu yana wanke ƙarfe, ya samu rumfa, ya zama patoro. Mai ana sayar da shi a kwalba a bakin titi, cikin rana da ƙura, ba mai iya ce maka daga ina ya fito. Ba a ba ka takarda, ba a nuna maka abin da aka cire, in ka yi tambaya a ce ka raina sana'a. Talaka da ya tara kuɗinsa shekara da shekaru shi ke biyan kuɗin koyon wani, wani lokaci a tsakiyar daji da marar lafiya a mota.

Na je Konni na komo sau 2 tun daga nan, na kai tsohuwa Yamai sau ɗaya. Giya na shiga ba bugu, fitila ba ta sake kamawa ba. Tsohuwa ta ce in gaishe ka, ta kuma sa wa yaron albarka, Allah ya ba shi nasa garajin, ya raya maka zuri'a. Katin da ya rubuta mini yana nan rataye a madubi, saura kilomita 900 in kawo ta a sake sauya man buwat karo na biyu. In Allah ya kai mu bayan jarrabawar yara zan shigo da safe.

Naka,
wani malamin koleji, Tawa.