Wasiƙa zuwa ga ɗana mai koyon aikin akanta

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, mu ma nan gida kowa yana nan lafiya lau, sai ƙafar Hajiya da ta ɗan motsa da shigowar sanyi, amma da sauƙi.

Mai sunan Malam, na zaɓi in rubuto maka maimakon in kira ka a waya saboda na san halinka. Da na fara magana za ka ce "to Baba, in sha Allahu," kafin in kai ƙarshe hankalinka ya riga ya yi wani wuri, ita kuwa takarda tana nan a aljihunka har ranar da za ka buƙace ta. Yau wata biyu ke nan da ka tafi sanin makamar aiki, saura huɗu ka koma jami'a, kuma na ji daɗin yadda mahaifiyarka ta ce kana sammakon zuwa ofis. Tun 1973 da hukumar horas da ma'aikata ta ITF ta ƙirƙiro wannan tsari na tura ɗalibai sanin makamar aiki, wato SIWES, manufarsa ita ce ɗalibi ya ga da idonsa abin da ake karanta masa a aji, ya cika littafinsa na rahoto, mai kula da shi ya sa masa hannu, ya koma makaranta da ilminsa. Ba a tura ku don ku ɗauki nauyin da ba naku ba.

Labari ya zo mini, kuma kada ka ɓata lokacinka wajen neman wanda ya kawo shi, cewa manajan sashenku ya sake da kai har ya ba ka lambar sirrinsa ta kwamfuta kana shigar masa da lissafi, kuma ranar nan ya miƙo maka tarin bauca, wato takardun biyan kuɗi, na man dizal ya ce ka sa hannu a gurbin wanda ya duba, domin mai gurbin ba ya nan. An ce da ka gama ya ba ka wani abu ya ce na mota ne. An kuma ce ka sauya waya. Wayar ba ta dame ni ba. Sa hannun nan ne ya hana ni barci kwana uku.

Ka shekara uku kana karatun lissafin kuɗi da tafiyar da kamfani, saboda haka ba ni zan koya maka cewa kowace naira sau biyu ake rubuta ta, inda ta fito da inda ta tafi, ba. Wannan ƙa'ida ta tsufa, tun 1494 aka buga bayaninta a birnin Benis na ƙasar Italiya, kuma tun kafin nan Allah Ya saukar da ayar bashi a Suratul Baƙara, aya ta 282, wadda ta fi kowace aya tsawo a Alƙur'ani, inda aka ce marubuci ya rubuta da adalci. Amma akwai abin da allo ba ya nunawa. Lissafi yana iya daidaita ciki da bai, ɓangaren hagu ya yi daidai da na dama har kwabo, alhali ƙarya ce zalla. Idan aka rubuta an sayi lita dubu na mai, aka rubuta an biya kuɗinsa, littafi ya daidaita, ko da ɗigo ɗaya bai shiga tanki ba. Shi ya sa malamanku suke nanata raba ayyuka: wanda ya nemi kaya daban, wanda ya amince daban, wanda ya karɓa a sito daban, wanda ya biya daban. Duk ranar da ka ga mutum ɗaya yana son ya haɗa waɗannan a hannunsa, sannan yana neman sa hannun yaro ɗan makaranta ya cike gurbi, to ba hazaƙarka ya gani ba. Ya ga wanda zai tafi nan da wata huɗu ne, wanda idan odita mai binciken kuɗi ya zo za a ce ai wancan ɗalibin ne ya yi.

Kai ka duba man nan? Ka je sito ka ga takardar karɓar kaya? Ka gwada rasit da abin da ya fita daga banki? Idan ba ka yi ba, to me ka shaida da ka sa hannu? Wallahi ban yi tsammanin haka daga gare ka ba, kai da ka tashi a gidan nan, ka san dalilin da ya sa aka sayar da gonar bakin rafi, ka san abin da ya sa har yau ni da Baffanka sai gaisuwar salla. Shekarar da aka haifi yayarka na sa hannu a bauca guda ɗaya tak wadda ba a cike ba, saboda ogana ya ce yana sauri zai kama hanya, zai cike in ya dawo. Har yanzu ina ganin takardar nan, ruwan ɗorawa, da tabon kofin shayi a gefenta. Wata bakwai bayan haka aka ajiye mini ita a kan teburin ɗan sanda, an cike ta da adadin da ko albashina na shekara goma bai kai ba, sa hannuna yana ƙasa raɗau. Kwana biyar na yi a tsare, shi kuwa ko sunansa bai fito ba. Mahaifiyarka da ɗanyen jego take kawo mini abinci. Kun sha cewa na cika tsanani, ina kirga canjin cefane, ina tambayar rasit ɗin kuɗin makaranta. To ga inda abin ya samo asali, kuma ban yi nadamar tarbiyyar da na ba ku ba.

A zamaninmu ma takarda tana iya ɓata ko gara ta cinye. Ku kuwa kwamfuta ba ta mantuwa, tana ajiye wanda ya shiga da ranar da ya shiga da abin da ya sauya, ga kuma hukumomin yaƙi da cin hanci da rashawa da babu su a lokacinmu, ICPC tun 2000, EFCC tun 2003. Kada kuma ka ce ai umarni aka ba ka. Lokacin da asirin kamfanin sadarwa na WorldCom ya tonu a Amurka a 2002, cikin waɗanda aka hukunta har da wata akanta da ba ita ta tsara almundahanar ba, shugabanninta ne suka ce ta shigar da alƙaluman, ta yi ta ɗari-ɗari, daga baya ta shigar. A 2005 aka yanke mata ɗaurin wata biyar. Kamfanin binciken kuɗi na Arthur Andersen, wanda yake cikin manya biyar na duniya, badaƙalar kamfanin makamashi na Enron, wanda shi yake binciken littattafansa, ce ta rusa shi. Idan wuta ta ci waɗannan, ina ga kai da ko takardar digiri ba ka karɓa ba? Kana burin rubuta jarrabawar ICAN, ƙungiyar ƙwararrun akantoci da aka kafa tun 1965, ko ta takwararta ANAN, kuma dukkansu suna da ikon soke sunan wanda ya ci amana. Jarin akanta sunansa ne, ba shi da wani.

Na san abin da zai yi maka wuya shi ne kunya, domin mun koya maka kada ka yi wa babba musu, laifin nan har da namu. Ba na ce ka yi masa rashin kunya ba, ban kuma ce ɓarawo ne ba, domin ban gani ba, mai yiwuwa sakaci ne kawai irin na ofis. Ka same shi shi kaɗai, ka rusuna ka ce, "Ranka ya daɗe, makaranta ta hana mu sa hannu a takardar kuɗi, kuma ina roƙon a sauya lambar sirrin nan." Idan ya matsa, ka ce mahaifinka ne ya hana, ni na ɗauki laifin. Kuɗin motar ka mayar masa cikin ladabi. Ka samu ɗan littafi naka na kanka ka rubuta ranar da ka sa hannu a baucan nan da lambobinsu, kuma idan malamin da jami'a za ta turo duba ku ya zo, ka gaya masa komai. Ko da abin zai kai ga sauya maka wurin aiki, gara hakan.

Ka yi haƙuri idan na yi zafi. Kai ne na farko a zuriyar Malam da ya kai wannan mataki, kuma ranar da ka zauna ka warware mini lissafin shagon Kawunka cikin awa biyu, abin da ya gagare mu mako guda, sai da na shiga ɗaki don kada ku ga idona. Allah Ya yi maka albarka, Ya tsare hannunka.

Mahaifiyarka ta ba direba yaji da ƙuli-ƙuli, za su iso ranar Laraba. Na tura maka abin da zai ishe ka kuɗin mota har ƙarshen wata. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci zan kira ka, ina so in ji yadda kuka yi da manajan.

Mahaifinka.