Wasiƙa daga Paris: mai zanen bado

Mutumina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya Inna, ya uwargida da yara, ya kasuwa? Shirunmu ya yi tsawo har Goggo ta fara tambaya ko ɓatawa muka yi. Na ce mata babu komai sai rowar katin waya, kuma kowa ya san kai ne sarkinta. Na zauna rubutun nan ne don in ji inda aka kwana kan filin nan na bayan makaranta, amma bari in fara sauke abin da ke cina.

Na shiga wani gidan adana zane da ake kira Orangerie, nan bakin kogin Seine. Ɗakuna biyu ne masu siffar ƙwai, an zagaye bangonsu da manyan zane 8 na Claude Monet, kowanne daga ƙasa zuwa sama mita 2. Ka san me ya zana? Bado. Wallahi bado, wanda muke tsinkowa a tafki Inna tana mana faɗa. Ruwa ne, da bado, da inuwar girgije da ta rassan bishiya a kwance cikin ruwan. Babu gaɓa, babu mutum ko ɗaya. In ka matsa kusa ba ka ganin komai sai shafe-shafen fenti, kore nan, shuɗi can. Ka ja da baya kaɗan, sai tafkin ya kwanta a gabanka. Nan take ka faɗo mini a rai.

An haifi Monet a Paris a 1840, ya tashi a Le Havre, garin bakin teku. Yana saurayi zanen barkwanci na fuskokin mutanen gari yake yi yana sayarwa, har wani mai zane, Eugène Boudin, ya ja shi waje ya ce ya dubi teku da sararin sama. A 1861 aikin soja ya kai shi Aljeriya, rashin lafiya ta dawo da shi. Sannan talauci ya same shi sosai, ga bashi, ga masu tantance zanen baje-kolin gwamnati suna mayar masa da aikinsa. A 1874 shi da abokansa suka haɗa nasu baje-kolin. Ya kai zanen tashar jiragen ruwan garinsu da asuba, rana ja-wur cikin hazo, kamar safiyar hunturu a gida. Wani ɗan jarida ya ɗauki sunan zanen, Impression, wato abin da ido ya kama a kallon farko, ya yi musu ba'a da shi, yana nufin aikin bai kammalu ba. Su kuwa suka karɓi sunan, da shi duniya ta san su har yau.

Abin da ya fi kama ni shi ne yadda yake kallo. Mu in za mu zana bishiya, abin da muka sani game da bishiya muke zanawa. Shi hasken da ya sauka a kanta a wannan sa'ar yake bi. Inuwa ma ba ya shafa mata baƙi, shuɗi ko shunayya yake sa mata, domin haka ido ke ganinta in ka natsu. A 1890 zuwa 1891 ya tsaya kan tarin damman alkama a gonar maƙwabcinsa, ya zana su fiye da sau 20: da hantsi, da la'asar, cikin ƙanƙara, gab da magariba. Yadin zane da yawa yake fita da su. Haske na sauyawa, sai ya ajiye wannan ya ɗauki wancan. A 2019 an sayar da guda cikinsu sama da dala miliyan 110. Kada in ji ka fara lissafin buhun masara nawa ke nan, na san halinka.

Ga inda na dosa. Tun da Malam ya yi mana karatu kan zanen mai rai ka ajiye fensir, ban kuma taɓa ganin laifinka ba. Amma wannan dattijon ya ƙarar da shekarunsa na ƙarshe kan ruwa da ganye da haske, ya zana bado kusan sau 250. Tafkin ma da kansa ya sa aka haƙa a Giverny, ƙauyen da ya koma a 1883, ya janyo ruwa daga rafi duk da ƙorafin mutanen gari cewa baƙin tsirransa za su gurɓata musu ruwa. Kai ba sai ka haƙa komai ba. Ga fadama, ga rumbuna bayan kaka, ga kukar nan ta hanyar gona da ka zana a bayan littafin lissafi. Har yanzu tana wurina. Hannun da ya yi ta bai kamata ya ƙare a rubuta rasit kaɗai ba. Ka tambayi Malam kai tsaye, ka ji me zai ce kan bishiya da ruwa.

Af, an ce Ɗan Autan gidanku ya kai kuɗin gaisuwa? Yaron da jiya-jiya muke aika sayen ƙosai! Wace ce, 'yar wane gida? Kuma da gaske mai shayin bakin tasha ya sayi babur?

Sai maganar idon Baba, wadda take hana ni barci. Monet ma yanar ido ta kama shi. An gano ta a 1912, tsoron wuƙa ya sa ya yi ta ja da baya, launuka suka rine masa ja da ruwan ƙasa, har sai ya karanta rubutun jikin fenti kafin ya san wanne ya ɗauka. Amininsa Clemenceau, wanda ya yi firayim minista kuma likita ne tun asali, shi ya matsa masa har aka yi aikin a 1923. Ya koma bakin aikinsa, bai rasu ba sai 1926 yana da shekara 86. Wancan aikin likitancin shekara 100 baya ke nan, na yanzu ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Baba yana jin maganarka fiye da tamu. Don Allah ka zauna da shi bayan sallar isha'i ka lallashe shi, kuɗin asibiti ni zan turo.

Na sayo maka fenti da buroshi, zan ba Alhaji ya taho da su in zai dawo. Ka gaida Inna, ka ce ta sa ni a addu'a, sanyi ya fara shigowa. Ka rubuto mini abin da Baba ya ce.

Naka har kullum,
Amininka